Ban-gajiya a Shagon Funmilayo

Ina tsakiyar suyar ƙosai labarin ya iske ni. Da safe ne, farkon damina, shekarar dubu biyu da shida. Ɗalibai sun kewaye kaskona suna jira kafin su tsallaka titi su shiga jami'a. Sai ga Funmilayo ta sauka daga acaɓa, ba ɗankwali a kanta. Ita ce mai shagon intanet da ke bayan kasuwar Samaru, inda ɗana yake aiki. Bayarabiya ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba ta da maraba da tawa. Ban taɓa ganinta da kai a buɗe ba sai ranar.

Ba ta faɗa mini kai tsaye ba. Ta ce an bugo mata waya daga Kaciya, motar da Cornelius ya shiga ta faɗi, yana asibiti, jikin da nauyi. Na ce to bari in tsame wannan zubin kada ya ƙone. Ta tsaya tana kallona har na tsame. Sannan ta zare matsamin daga hannuna ta ajiye a kan tire, ta riƙe hannuwana biyu ta ce, "Mama, sai haƙuri." Ɗaliban nan suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Abin da nake iya tunawa shi ne na tambaye ta wa zai kashe wutar.

Shi ne ɗana na fari. A gidanmu tun kakana muke bin Almasihu, amma kunyar ɗan fari ba ta bar mu ba. Uwa ba ta kiran sunansa. Ran Lahadi na haife shi, saboda haka Ɗanladi nake ce masa, in kuma raina ya ɓaci in ce yaron nan. Sunan baftismarsa ubansa ne ya zaɓa, marigayi Mordecai, ni kuwa ban taɓa ɗora shi a harshena ba.

Da ya gama difloma bai sami aiki ba, sai Funmilayo ta ɗauke shi yana buga wa ɗalibai takardunsu. In shagon ya yi sauƙi, sai ya zauna yana koya wa kansa yadda ake gina shafi a intanet. Ya daɗe yana yi yana rushewa. Da farko, in ji shi, baƙin rubutu ne kawai a kan fari. Daga baya ya iya sa hoto, daga baya kuma ya buɗe wurin da baƙo zai bar saƙo. Shafin cigiya ne, irin wadda ake yi a rediyo, amma ta mutanen Sabon Gari da suka watsu: 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa, Ibo da suka tafi kafin yaƙin basasa, Yarbawa da suka koma gida da tsufa, mutanenmu da rikici ya tayar. Wani zai rubuto daga Fatakwal ko Landan ya ce yana neman maƙwabcinsa na da. Sai Ɗanladi ya zo ya tsuguna gefen murhuna, yana cin ƙosai da zafinsa yana tambayata, tunda a kwatas ɗin reluwe na girma. In na san gidan in kwatanta masa, ya tafi da ƙafa. Cigiya ce ta ɗauke shi zuwa Kafanchan, tafiyar da bai dawo ba.

Muka binne shi. Aka yi zaman makoki, 'yan zumuntar mata suka yi waƙa har muryarsu ta dushe, maƙwabtana Musulmi suka yi ta aiko da abinci. Da aka watse, na ɗaura zane na fita ban-gajiya yadda aka saba. Duk wanda ya tako ya zo gaisuwa, sai na taka na je na gode masa. Samaru, Hayin Dogo, Sabon Gari, har Wusasa, gida-gida. Muddin ina wannan yawon, da sauƙi. Da na gama ne na rasa inda zan sa kaina. In ɗora kasko in sauke. In share tsakar gida, in sake sharewa. In fito da niyyar zuwa niƙa, sai in tsinci kaina a Kwangila, in juyo. 'Yata Christabel ta ce in koma wurinta a Jos, na ce to, ban kuwa haɗa kaya ba. Ji nake kamar na bar tukunya a kan wuta a wani gida, na manta gidan.

Cikin wannan gantalin ne ƙafata ta kai ni shagon Funmilayo, ban yi niyya ba. Ɗaki ne dogo, kwamfutoci jere a jikin bango, fanka tana juya zafi. Ta tayar da wani ɗalibi daga kujerar ƙarshe, ta ce a nan Ɗanladi yake zama, ta zaunar da ni. Ta ce akwai abin da take son nuna mini tun tuni, tana jira in sami ƙarfi. Ashe ta sa sanarwar rasuwar a shafin, mutane kuma sun yi ta rubuto gaisuwa a ƙarƙashi. Tana jan rubutun sama, wani yana fitowa daga ƙasa, ya ƙi ƙarewa. Ta karanta mini wasu. Wannan daga Inugu, wannan daga Legas, wannan daga Jidda, wannan kuma likita ce a Ingila da ɗana ya nemo mata ungozomar da ta karɓi haihuwarta. Wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu da Turancin buroka irin na Sabon Gari.

Na tambaye ta wa ya yi musu ban-gajiya. Ta ce ba kowa, a intanet ba a damu da wannan ba. Amma in ina so, za ta rubuta guda ɗaya mai kyau ta aika wa kowa lokaci ɗaya.

Na ce, "Kin taɓa ganin wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ɗaga murya ya ce duk wanda ya zo gaisuwa, ban-gajiya?"

"To in yi ɗaya-ɗaya, kina faɗa ina bugawa."

"Aike ke nan. Ban-gajiyar mutuwa ba a aika ta."

Ta yi dariya, dariyar farko da wani ya yi a gabana tun rasuwar. "Mama, da ƙafa za ki je Landan?"

"Shi da me yake zuwa?"

Ta ɗaga yatsunta ta nuna mini. Na ce to su zan koya.

Sai ta daina dariya, ta ja kujera kusa, ta ce in haka ne in ji sauran maganar. Masu wurin da aka ajiye shafin kyauta suke bayarwa, amma in aka yi watanni ba wanda ya shiga ya ƙara wani abu, rufewa suke yi, da gaisuwar da cigiyar duk su tafi. Ita kuma an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Ilori. Da kaka za ta sayar da shagon ta bi shi. Abin da zan koya, sai dai in koya kafin a ɗauke ruwa.

Aji uku na yi a firamare. Ina karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, yatsana a kan layi, rubutu kuwa bai wuce sunana a katin zumunta ba. Haruffan kwamfuta ba a jere suke yadda aka koya mana ba, warwatse suke kamar an zubar da wake a ƙasa. Sai in yi ta neman harafi ɗaya, ashe yana ƙarƙashin yatsana. Abin nan da ake turawa da hannu, wanda Funmi ta ce Turawa ɓera suke ce masa, shi ya fi ƙina. In tura kaɗan, 'yar kibiyar da ke gilashin kwamfutar ta ruga kusurwa ta ɓuya. Ranar farko ɗaga shi na yi sama ina nuna wa gilashin, kamar mai haska tocila. Yatsuna kuma duk mai. Funmi ta ce ba za ta sayar wa mutane kwamfuta mai ƙamshin ƙosai ba, ta ajiye roba da ruwa da sabulu a bakin ƙofa domina ni kaɗai.

Da hantsi nake zuwa, in na sauke kasko, lokacin ɗalibai suna aji. Duk da haka ba a rasa masu tsokana. Wani mai gashi a tsaye ya leƙo ya ce, "Mama ta zo burauzin. Da wane saurayi ake catin?" Na ce da kakansa ne, ya ce in gaya masa ya aske kai. Daga ranar in ya gan ni sai ya shafa kansa ya wuce.

Ban-gajiyar farko ta cinye mini hantsi guda. Abin da na rubuta bai fi haka ba: "Ni ce mahaifiyarsa. Na ga gaisuwarka. Na gode, Allah ya ba da lada. A gaida gida." Da na danna wurin aikawa sai rubutun ya ɓace, na zaci na ɓata. Funmi ta ce ya tafi, ya ma isa Inugu. Na zauna ina kallon wurin da ya bari. Ko ruwa ba a ba ni ba, ban ga fuskar mai gidan ba, amma na ji na fita daga gida ɗaya. Masu Turanci ma da Hausa na amsa musu. Wanda ya sha ruwan Sabon Gari zai ji, in ya manta ya nemi mai karanta masa.

A hankali na fara yin biyu a zama ɗaya, sannan uku. Na koyi goge kuskure ba tare da na goge layin duka ba. Na koyi cewa in an ɗauke wuta kafin a aika, abin da aka rubuta ya tafi ke nan, sai a jira janareta a sake. Amma kullum in na shigo, a buɗe nake samun shafin, Funmi ta riga ta buɗe mini.

Wata safiya na tarar da gilashin da 'yan akwatuna biyu babu komai a ciki. Ta ce daga yau ni zan buɗe da kaina. Akwatin ƙasa na kalmar sirri ne, ta canza mini ita zuwa mai sauƙi. Na sama kuma sunan mai shafin ake bugawa, yadda ya yi rajista da shi.

Na ce ta canza shi ma. Ta ce wannan ba ya canzuwa. Na ce to ta buga mini, ai ba wani aiki ba ne.

"Ran da nake Ilori fa? Wanda ya sayi shagon za ki ba makullin ɗakin ɗanki?"

Ta matso kusa da ni ta ci gaba.

"Mama, na san al'adar, a nan na girma. Ba kira za ki yi ba. Dannawa za ki yi."

Na tashi na ɗauki mayafina na fita. Kwanaki ban koma ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin gida da bakin titi, in hango rufin shagon in juya. Uwata har ta koma ga Ubangiji ba ta kira sunan yayana ba, ko da yana kwance ba lafiya. Ba ƙiyayya ba ce, wanda bai taso a ciki ba ba zai gane ba. Amma ruwa ya fara tsallake kwanaki, masara ta fitar da gemu, gaisuwar da na amsa kuwa ba ta kai rabi ba.

Na koma. Na wanke hannu, na zauna, na rufe bakina gam. Funmi ta rubuta mini sunan da manyan haruffa a bayan tikiti ta ajiye, ta tafi can ƙarshen shagon tana goge abin da ba ya bukatar gogewa. Na bi harafi-harafi. Kwamfutar ta ƙi, wai na tsallake ɗaya. Na sake, ta ƙi. Sunan da na kauce wa duk tsawon rayuwarsa, sai da na buga shi ban san sau nawa ba a safiya ɗaya. Da ƙofar ta buɗe, ban karanta komai ba. Na fita bayan shagon inda janareta yake, na tsaya a wurin, ƙararsa ta rufe tawa.

Bayan wannan aikin ya fara gudu, har na fara rawar kai. Wata rana na ga wani dogon saƙo da Turanci. Na roƙi ɗalibar da ke kusa da ni ta duba mini. Ta karanta farkonsa ta ce wata mata ce a wata ƙasa, mijinta babban mutum ne ya rasu, ta rasa wanda za ta amince da shi. Lokacinta ya ƙare ta tashi da sauri ba ta ƙarasa ba. Ni kuwa tausayi ya kama ni. Na zauna na yi wa matar nan gaisuwa mafi tsawo da na taɓa bugawa, har da ayar da fasto ya karanta mini. Kafin mako ya zagayo akwatin ya cika da gwauraye, kowace mijinta babban mutum ne. Funmi ta duba, ta dafe ciki don dariya.

"Mama, wannan gwauruwar taki ƙato ne mai gemu. Ɗan damfara ne. Wataƙila ma yanzu haka yana zaune a shago irin wannan."

Na ce to ya ajiye gaisuwar, wata rana zai bukace ta.

Ta koya mini yadda ake gane su da yadda ake share su. Wannan kam ba a maimaita mini ba, shara aikina ce.

Yawancin waɗanda na yi wa ban-gajiya ba su sake rubutowa ba, haka kuma ya kamata. Amma wani dattijo mai suna Ogbonna ya amsa daga Aba, da Hausa irin ta mutanen da. Ya ce ban-gajiyata ta iso, tun da ya bar Zariya ba wanda ya yi masa ita. Ya ce da ƙuruciya shi da wani Uba suka koyi gyaran agogo wurin maigida ɗaya, kusa da tashar jirgi, teburinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Da tashin hankali ya zo, aka zuba su a jirgi da kayan jikinsu, bai yi wa Uba sallama ba. Ɗana ya yi masa alkawarin nemo shi in ya dawo daga Kafanchan. Ya ce ba matsa mini yake yi ba, in ba mai ci gaba, ba komai, ya gode.

Ban amsa ba. Ni ban-gajiya na zo yi, ba cigiya ba. Amma kullum na buɗe sai idona ya faɗa kan sunan Ogbonna. In ina markaɗa wake sai in ji ina tuna layin masu agogo, wa ke zama kusa da wa.

Tafiyar Funmi ta zo da wuri fiye da yadda ta faɗa, ruwa bai gama ɗaukewa ba. Ranar ƙarshe ta sa ni na yi komai tun daga kunnawa, ta tsaya a bayana ta harɗe hannuwa don kada su kai kan ɓeran. Ta nuna mini sau ɗaya yadda ake ƙara rubutu a fuskar shafin, inda kowa yake gani, wanda shi ne ke hana a rufe. Ba mu kai ga hoto ba. Na ce mata Bayarabiyar Zazzau, za ta je Ilori su ce baƙuwa ce. Ta ce ai ta sani, shi ya sa za ta riƙa leƙo shafin, in ta ga na bar shi ya yi ƙura za ta hau mota ta zo. Wanda ya sayi shagon, Oluwole, ɗan'uwan mijinta ne, mutum mai shiru da jarida. Ya yarda robar ruwana ta zauna, amma ya gaya mini tun farko shi gyaran inji ya sani, koyarwa ba halinsa ba ne.

Washegari na zo bakin shagon, na kasa shiga. Maimakon haka na hau bas zuwa Sabon Gari. Masu gyaran agogo sun ƙare, yawancinsu sun koma gyaran wayar hannu. Wani tsoho da ya rage ya ce Uba mai agogo ya daɗe da komawa Dogarawa, tun da idonsa ya yi rauni. A Dogarawa na tambayi mai shayi, ya tura ni wurin mai itace, ita ta raka ni har ƙofar zaure. Na yi sallama, wata mata mai suna Zubaidatu ta fito, malamar Islamiyya ce, ta shimfiɗa mini tabarma. Uba mahaifinta ne. Ya rasu bara da azumi.

Na ambaci sunan Ogbonna. Ta yi tunani, ta ce ba ta taɓa ji ba. Ta leƙa ta tambayi yayanta, shi ma bai sani ba. Da ta ji abin da ya kawo ni, da labarin ɗana, sai ta yi mini gaisuwa, na yi mata, muka zauna a tabarma ɗaya. Da zan tafi ta ce, "In ya yi gaisuwa ki kawo, Iya. Za mu karɓa."

A cikin bas na yi ta juya maganar. Da baki ne, da na san yadda zan zauna kusa da shi, in fara da nesa, in duba fuskarsa. Ga tsoho a gaban gilashi a wani gari, ban san ko yana da ciwon zuciya ba, ban san ko shi kaɗai yake zuwa ba. Ba a faɗa wa mutum mutuwa yana shi kaɗai.

Na shiga shagon, na wanke hannu, na buɗe da kaina, ba kowa a bayana. Na rubuta masa: "Malam Ogbonna, na sami gidan. Gobe zan aiko maka da bayani. Kafin ka buɗe, ka samu wani naka ya zauna kusa da kai."

Washegari na zauna na yi doguwar wasiƙa, na zagaya, na sake zagayawa, har na fara rubuta cewa Uba yana yawan ambatonsa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Oluwole ya ce man janareta ya ƙare, ya aika a sayo. Na fita na shiga, na fita na shiga. Ga shi na ce wa mutum ya tara iyalinsa. Da wuta ta dawo ban sake zagayawa ba, ƙaryar nan ma na bar ta inda ta tafi. Na buga: "Malam Ogbonna, sai haƙuri. Uba ya rasu bara da azumi, a ɗakinsa, cikin 'ya'yansa. Bai yi doguwar jinya ba. 'Yarsa Zubaidatu ba ta san sunanka ba, ba zan ɓoye maka ba. Amma ta ce in ka yi gaisuwa za su karɓa."

Shiru. Na zo na duba, ba komai. Na sake zuwa, ba komai. Na ƙona ƙosai har masu saye suka yi magana. Na ce a raina shi ke nan, na kashe tsohon mutane da yatsa biyu.

Sai ga amsa. Ya ce tun saƙon farko ya gane, ya zo da matarsa da 'yarsa, suka zauna kusa da shi yadda na ce. Kwanakin da ya yi shiru, rubuta gaisuwar yake yi, don Hausar tana kufce masa. Na sa Oluwole ya fitar mini da ita a takarda, na kai Dogarawa. 'Ya'yan Uba suka taru a zaure, aka karanta, suka ji abubuwan ƙuruciyar ubansu da ba su taɓa ji ba, har da yadda ya taɓa haɗiye ƙaramar ƙusar agogo maigidansu ya sa shi shan man gyaɗa. Suka yi dariya, suka yi addu'a, suka ba ni ban-gajiya in kai. Na kawo ta Samaru na buga.

Saura fuskar shafin. Tun sanarwar rasuwar ba a ƙara komai ba, watanni kuma suna tafiya. Na bi yadda Funmi ta nuna mini, ina tsoron in taɓa wani wuri in rushe abin da yaron nan ya gina. Na rubuta cewa cigiyar Uba mai agogo ta ƙare, an sami iyalinsa a Dogarawa, mai neman wani ya rubuto, mahaifiyar mai shafin ce ke riƙe da shi yanzu. A ƙarshen saƙonsa Ogbonna ya tambaya ko an ɗauke ruwa a Zariya, sai na ƙara a ƙasa: jiya an yi yayyafi, da alama na ƙarshe ne. Na danna. Gilashin ya yi fari fat ya tsaya. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Sai ga shi ya fito a hankali daga sama, rubutuna da kurakuransa, a wurin da nasa yake fitowa. Oluwole ya leƙo ta saman jarida ya ce, "Ya hau."

Cigiyar ba ita ta fi jawo magana ba. Yayyafin ne. Mutane suka yi ta rubutowa, wannan ya ce ya ji ƙamshin ƙasar, wancan ya tambaya ko rake ya fara shigowa. Funmi ta rubuto daga Ilori ta ce in daina sa duk maganar a layi ɗaya ba ɗigo, numfashinta yana ɗaukewa.

Shekaru uku ke nan. Ban-gajiyar na gama ta tuni. Cigiya wata a samu, wata a rasa, wata in yi yawon banza in dawo da ciwon gwiwa. Hoto har yanzu ban iya sawa ba, na gwada ya fito a kwance. Christabel ta gaji da maganar Jos. Ban ce zuciyata ta kwanta ba, akwai ranar da har yanzu nake wuce gida ban sani ba.

Amma kowace safiya, kafin in ɗora kasko, sai na tsaya a ƙofar gida na dubi sama, na dubi titi, na riƙe abu ɗaya a raina. In na sauke, in je in wanke hannu in buga shi, layi ɗaya, ko akwai saƙo ko babu. Na yau shi ne: hadari ya haɗu a gabas bai zubo ba, an fara gasa sabuwar masara a Kwangila.